Manmi Florise, Daraktar Kuɗin Iska

Adireshi talatin da bakwai Selwyn ya taka da ƙafarsa a makon nan. Aikin da ofishinsu ya ɗora masa ke nan: ya bi kamfanonin kuɗin intanet na kirifto da suka yi rajista a tsibiran Seychelles ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko suna da abin da sabuwar doka ta nema, wato ofis na gaske da darakta mazaunin ƙasa. Sha tara ya tarar akwatin wasiƙa ne kawai. Shida shago ne a kulle. Ɗaya wurin aski ne, har wanzamin ya yi masa tayin ragi.

Na talatin da takwas takarda ta ce yana kan tudun ƙauyen Anse Boileau, sunan daraktan M. F. Esparon, kuma masu wannan suna sun fi arba'in a tsibirin Mahé. Ya sauka daga bas da ƙarfe sha ɗaya da minti goma, ya kama matakalar dutse yana ƙirgawa kamar yadda ya saba. A ta ɗari da tamanin ya ga bishiyar mangwaron da ya taɓa faɗowa daga kanta yana yaro, sai ya gane inda matakalar za ta kai shi. A ta ɗari biyu da sha huɗu ya tarar da kakarsa, Manmi Florise, a baranda, ta hakimce a kan baƙar kujera mai juyawa tana kankare kwakwa. Saman ƙofa an kafa allon tagulla mai sunan kamfani yana walƙiya. Ya gaishe ta yana haki.

"…lafiya lau, sai gwiwa," in ji ta. "Kai kuma wa ya mutu da ka tuna hanyar gidan nan? Wata huɗu!"

"Wata uku da kwana tara, Manmi. Kuma ba wurinki na zo ba, wurin darakta na zo."

Ta ajiye kwakwar, ta tura ƙafa, kujerar ta zagaya da ita sau ɗaya ta dawo.

"Ga ta nan. Ka yi alƙawarin ganawa?"

Selwyn ya zube a kan dakali, ya cire takalmi ɗaya. "Na shiga uku. Ke ce M. F. Esparon?"

"Tun kafin a haifi uwarka. Ka tashi ka gaida manya da kyau, ɗan ƙaramin ma'aikaci. Ni da na wanke maka kashi, yau ka zo mini da fayil a hammata kamar mai karɓar kuɗin wuta."

"To, Madam Darakta, ina ofis?"

"Kana zaune a cikinsa."

"Takarda ta ce hawa na biyu."

"Ba hawa ka yi ba? Har haki kake."

Ya buɗe fayil ɗin, ya fito da biro. "Ma'aikata nawa?"

"Biyu. Ni da Zorz."

Ya waiga. Zorz, ƙaton kunkurun da ya girmi kowa a gidan, yana gindin ayaba yana tauna ɓawon gwanda.

"Shi ne sakatare," ta ce. "Shekara tamanin bai taɓa fitar da sirri ba, bai taɓa neman ƙarin albashi ba. Kuma ya fi ofishinku sauri."

"Wannan kam ban musa ba. Me kamfaninku yake yi?"

"Muna sayar da kuɗin da ba a gani ga mutanen da ba a gani. Sana'a mai tsabta, ba ƙarni ba ƙaya."

"Sarƙar da ake rubuta cinikin a kanta fa, kin san yadda take aiki? Doka ta ce dole darakta ya san sana'arsa."

"Kai dai ka raina ni. Ba kifi ba ne a igiya? Yadda masunta ke jera shi a bakin titi da yamma, wannan bayan wannan, duk mai wucewa yana gani. Ka zare ɗaya daga tsakiya, kowa ya san an taɓa."

Selwyn ya tsaya da biro a sama. Kwana uku aka yi musu taron bita a otal, malamai biyar, shayi sau shida, babu wanda ya faɗa a sarari haka.

"Wa ya koya miki?"

"Msye Viktor, mai kamfanin. Mutumin kirki, ya hau matakalar nan da kwat, ya ci kwano biyu na miyar jemage bai yatsina fuska ba. Kai kuwa jikan cikina, sai ka ce wai cikinka ba ya so."

"Ya ba ki me?"

"Kujera. Allo. Albashi rufi dubu uku duk wata. Ni kuma na sa hannu a wuri bakwai, ya ɗauki hotona da hular coci."

"Wuri bakwai." Ya shafa fuska da hannu biyu. "Manmi, igiyar tana nuna kifi ya bar wannan hannu ya koma wancan. Ba ta nuna fuskar wanda ya gudu da kwandon. Fuskar da za a gani taki ce. Ranar da kamfanin nan ya nutse da kuɗin mutane, Msye Viktor yana can ƙasar da ba mu san sunanta ba. Wanda ke nan, wanda kotu za ta iya aika wa takarda, mai gida da fili da kunkuru, ke ce."

"Su zo. Alƙalin da zai hau matakala ɗari biyu sai ya nemi ruwa a hannuna tukuna."

"Ɗari biyu da sha huɗu."

"Ka ji shi! Tun yana goye yake ƙirga gashin hancina." Ta ɗauki kwakwar ta ci gaba da kankara, ba ta dube shi ba. "Ku da dokarku sai kun kori baƙi. Me muke da shi a tsibirin nan? Kifi, rairayi, da takardar rajista. Kifin manyan jirage sun kwashe, rairayin otal-otal sun zagaye. Saura takarda, ita ma kun ce sai an yi mata wanka da sabulu. Ka matsa musu yau, gobe su naɗe kayansu su koma wani tsibirin, ku zauna kuna gadin akwatin wasiƙa babu kowa."

"Su koma, Allah ya raka taki gona."

"Da bakinka mai kama da na kifin da aka manta a rana."

"Abu uku kawai muke nema, tsohuwa, ba talatin ba. Mu san mai kamfanin na ainihi. Mu san inda ya ajiye kuɗin mutane, daban da nasa. Mu san ƙofar da za a buga idan abu ya ɓaci, a tarar da wanda zai iya ba da amsa. Mai gaskiya wannan ba ya korar sa. Mu ƙanana ne, sunanmu kaɗai muke sayarwa. In ya yi wari, bankunan waje su toshe mana hanya, kuɗin da Anti Josiane ke aiko miki daga Perth ta Ostareliya ya maƙale a sama kamar jemagen naki."

"Kar ka sa bakinka a kuɗin 'yata."

"Ba ni zan sa ba, Msye Viktor ne. Yaushe rabonki da jin muryarsa?"

Ta juya kujerar kaɗan zuwa wajen teku. "Mutum ne mai harkoki."

"Yaushe?"

"Tun bikin Ista. Wayarsa wata mata ce ke ɗauka, kullum magana ɗaya take maimaitawa, ba ta ko amsa gaisuwa."

Iska ta kaɗo hayaƙi daga murhun bayan gida inda tukunyar ladob ke tafasa, ƙamshin ayaba da madarar kwakwa ya cika barandar. Tare da hayaƙin wani guntun takarda ya taso ya sauka a gwiwar Selwyn. Gefensa ya ƙone, amma kan sarkin yana nan, na wata ƙasa.

"Manmi, da me kike hura wuta?"

"Da wasiƙun kamfani. Ya ce duk abin da ya zo in jefa a kwali, ba sai na buɗe ba. Kwali ya cika, damina ta jiƙa ɓawon kwakwa, me zan yi? Takardar waje tana kamawa da kyau."

Ya shiga ɗaki da takalmi ɗaya, ya jawo kwalin daga ƙarƙashin tebur, ya zazzage a baranda. Arba'in da ɗaya suka rage. Kan sarki na ƙasa tara. Mutum ba ya sayen ambulan a zamanin nan sai ya gaji da aika saƙo ta waya ba amsa.

"Ni ba ni da ikon buɗewa," ya ce. "Sunanki ne a kai. Zaɓi ɗaya."

"Tabarauna yana wurin gyara."

"Yana saman kanki."

Ta yi tsaki, ta zari wata mai rubutun hannu, ta farke da wuƙar kwakwa, ta miƙa masa. "Karanta, mu ga ko kuɗin makarantarka ya tafi a banza."

Ya karanta a hankali. Daga Chipata ce, a Zambiya. Sunan matar Esnart Mwanza, ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya. Kuɗin sallamarta ta zuba a kamfanin, don ɗan ƙanwarta ya ce kuɗi na haihuwa a can. Wata biyar ke nan tana neman cirewa, shafin yana ce mata ta jira. Mijinta na jiran aikin ido. A ƙarshe ta rubuta: "Na ga hotonki a shafinsu da farar hula, kin yi kama da yayata. Shi ya sa na amince, shi ya sa kuma nake rubuto miki. Na san ke za ki ji."

Kujerar ta daina motsi.

"Da hulata," in ji Manmi Florise. "Hular da na saya don bikin uwarka."

"Ita."

"Na dafa ladob da irin wannan sau nawa?"

Selwyn ya buɗe baki zai lissafa, sai ya rufe.

"Yau dai ka yi hankali," ta ce. Ta karɓi wasiƙar, ta ninke ta huɗu, ta tura cikin rigarta. "To, ɗan nema, faɗi. Me ake yi?"

"Ofishinmu ya ba da wa'adi zuwa gobe Juma'a ƙarfe huɗu. Duk daraktan da aka ari sunansa, in ya zo da ƙafarsa ya ajiye muƙamin, ya kawo takardun da ke hannunsa, ya faɗi abin da ya sani, a matsayin shaida za a karɓe shi. Bayan ƙarfe huɗu kuma sunansa mai kamfani. Ni yau zan rubuta cewa kakata ce, a cire hannuna. Wata za a ba fayil ɗin, kuma ba ta cin ladob."

"Matar Chipata fa, za ta sami kuɗinta?"

"Ban sani ba, Manmi. Amma da wasiƙun nan da takardunki bakwai za a san wanda ake nema. Da toka ba za a sani ba."

Ta dubi allon tagullar. Sannan ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta ɗauko wuƙar kwakwa ta ba shi.

"Kwance shi. Kusoshi huɗu ne, kar ka ce ban ƙirga ba. Amma kujera tana nan. Duk wanda ya zo ɗaukar ta, Zorz zai zauna masa a ƙafa."

"Kayan kamfani ne."

"Ladan hulata ne."

Ya kwance allon. Kafin ya gama haɗa wasiƙun a kwali ta dawo daga murhu da kwano cike da ladob, ta karɓi allon, ta goge shi da gefen zane, ta kifa a bakin kwanon. Ya zauna daram kamar don shi aka ƙera.

"Ungo. Karon farko da kamfanin nan ya rufe wani abu mai amfani. Ka ci ka yi ƙarfi, kana da sauran hawa."

"Na gama na yau."

"Ka gama? Duba takardarka. Akwai Madam Léonne a bayan coci?"

Ya duba. Lamba ta talatin da tara.

"Madam Ozette, mai gidan shuɗi?"

Ta arba'in.

"Mu sha ɗaya ne a mawaƙan coci," ta ce. "Tara daraktoci ne. Ni na kai Msye Viktor gidajensu, na ɗauka alheri nake rabawa."

Selwyn ya zauna a kan dakalin, kwano a cinya, yana lissafin matakalar gida takwas da ƙafar da ta riga ta kumbura. Manmi Florise ta dubi fuskarsa, ta fashe da dariya har tana share ido da bayan hannu.

"Sa takalminka, mai kan kwakwa, yau sa'arka ce. Ba inda za ka hau. Ni na shigar da su, ni zan fito da su. Bas ɗin ƙarfe tara za mu shigo, kowa da kwalinta, kowa da hularta. Ka ce wa shugabanka ya tanadi kujera tara."

Ya ɗauki kayansa ya fara sauka, yana matakala ta uku ta ƙwala masa kira.

"Selwyn! Kujerun, masu juyawa!"