Ranar da Aka Yi Mini Jajen Akuya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina. Ni fa a Ƙofar Kuyambana ba ƙaramar mace ba ce. Ban yi boko ba, amma in na buɗe baki da labari, ko mai talla sai ta sauke faranti. Kuma kowa ya san gabata da waya. Duk matar da na gani ta duƙufa tana latse-latse, sai in ce, "Yarinya, mijinki ne a ciki?"

To, sai jikata Rabi ta zo hutu daga jami'a. Wai ƙera wasannin waya suke yi, ita da ƙawayenta biyu, ba kamfani ba komai. Ta baje a tabarmata tana nuna mini kala-kala. Akwai na da, wanda maciji ke ci yana tsawo har ya ciji kansa (na ce a'uzu billahi, kawar da shi). Akwai na tubala masu zubowa daga sama, kana ta jerawa, ginin ba ya ƙarewa. Na tseren mota kuwa, sau uku ina afkawa rami. Ga na wasu ƙarti biyu da ke dambe ba riga, ga na wani ɗan guntun mutum da ba shi da sana'a sai tsallake ramuka.

"Hajiya, ga wanda muka yi da kanmu," in ji ta.

Gona ce da kaji, da 'yar akuya ja mai farin goshi. In ka ba ta dusa sai ta kaɗa bindi. Na taɓe baki na ce shirme. Ja'irar ta yi murmushi, ta bar mini tsohuwar wayarta.

Jama'a, kafin kwana uku na raɗa wa akuyar suna 'Yar Gata. Bayan kowace salla sai na ba ta dusa, waya a ƙarƙashin mayafi, carbi a sama (Allah ka yafe mana).

Ranar Asabar ɗin ana suna a gidan maƙwabciyata, Hajiya Ladidi. Tun safe nake can ina ba da umarni, na sha'afa sam. Bayan la'asar, ɗaki cike da mata, na ɗan leƙa cikin mayafi. Ga 'Yar Gata kwance, ƙafafu huɗu a sama.

"Innalillahi! Akuyata ta mutu!"

Nan take jaje ya ɓarke. "Ayya Hajiya, Allah ya mayar da alheri."

Ladidi ta dafa ni. "An dai samu yanka ta?"

Nan ya kamata in faɗi gaskiya. Amma yaya zan yi da girmana? Na ce, "Ba a samu ba."

"Wayyo, mushe! Yaushe ma kika fara kiwo, ba mu taɓa jin kukanta ba?"

"A ƙauye take."

Kun san bakin mai labari, in ya kama hanya ba ya da birki. Na ƙara mata tsohon ciki, na ce biyu-biyu take haihuwa, na ce in ta ji muryata har rawa take. Wata tsohuwa ta share hawaye. Ladidi ta yi alkawarin ba ni 'yar tata akuyar in an yaye.

Sai ga Rabi ta shigo da tiren shinkafa.

"Wace akuya kuma? 'Yar Gata? Haba tsohuwa, ai yunwa ce kawai. Kawo."

Kafin in damƙe, ta zaro wayar daga mayafina ta danna. Marigayiya ta miƙe a gaban mata sun fi talatin, ta buɗe murya: "Meeee!"

Daga can lungu Hauwa, matar ɗan Ladidi, wadda na fi kowa yi wa gori, ta rusuna cikin ladabi ta ce, "Hajiya, mijinki ne a ciki?"

Har mai jego sai da ta riƙe ciki don dariya.

Yau shekara guda ke nan, in na bi lungunmu gaisuwar ita ce, "Ina kwana Hajiya, ya mai jiki?" Abin da na koya: na daina sa wa masu waya ido. Kuma duk bikin da zan je, sai na cika wa 'Yar Gata kwano kafin in sa takalmi.