Gammon Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙari. Zamanin da arzikin man fetur ya shigo ne, ina akawu a siton wani Alhaji a Fagge, kusa da tashar jirgi. A nan Baba yake dako tun kafin a haife ni. Ni ne ɗan fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, ko magana ba ya yi mini kai tsaye. Abin yana damuna.

Dakalin siton bai kai tsayin bayan manyan motoci ba, sai 'yan dako sun ɗauko kowane buhu a ka. Alhaji ya aike ni Sabon Gari in zaɓo gadar ƙarfe ta lodin kaya a mota. Mai shagon ya nuna mini iri biyu: faranti wanda sai ƙarti sun ɗaga, da wata wadda ake jan sarƙa ta tashi da kanta ta hau bayan mota, mutum ɗaya ya tura kaya a kura.

Na zaɓi mai sarƙa. A raina na ce wuyan Baba zai huta, wataƙila ma ya ce mini sannu. (Ban tambayi kaina me ake yi da ɗan dakon da ya huta ba.)

Ranar gwaji na sa wandona mai faɗin ƙafa, wanda ke share titi kyauta. Na hau dakali ina bayani kamar ni na ƙera ta. Alhaji ya duba, ya ce, "Madalla. Ashe yanzu matasa kaɗan sun ishe mu. Dattawa sai su je gida su huta."

Na hango Baba a bayan jama'a, gammonsa a hannu. Cikin ruɗewa na fizgi sarƙar. Gada ta yi sama, ta kama ƙafar wandona, ta tsage shi har ƙugu. Na tsaya daga ni sai gajeren wando, direbobi na riƙe ciki don dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya warware gammon, tsohon zanen da ya sha gumin shekaru, ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya dube ni ba.

"Ba yaron nan ya ɗaura," in ji shi. "Ni na gama da shi."

Da shi na ratsa Fagge har gida, ina kuka a ɓoye. Baba bai sake ɗaukar buhu ba har ya rasu, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Da ma ya zage ni.

Tun daga ranar, kafin in sauƙaƙa wa mutum aikinsa sai na tambaye shi ko yana da wani aikin. Wando kuwa, tsukakke nake sawa.