Izinin Waƙar Daka

"…da gajiyar hanya, angon da ba ya zuwa sai da buƙata?"

"Lafiya lau, amarya. Na ga haƙoran nan biyu har yanzu suna gadin baki."

Iya Kellu ba ta motsa daga tabarma ba. Tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta a Kwaya lokacin da jikanta Mainassara ya jingine moto, wato babur ɗinsa, ya durƙusa. Shi ne mai butik a kasuwar Magariya, inda yake zuba wa mutane waƙoƙi a memwar, wato ɗan katin ajiya na waya. Tun kafin ya tuɓe takalmi ta hango takarda na leƙowa daga aljihunsa, ta kuwa san zancen. Bara da kaka ya ɗauki muryarta da portabul, wato wayar hannu, tana waƙar daka, ya sa aka haɗa mata kiɗan na'ura, ya watsa a intanet da sunansa. Bai tambaye ta ba.

"Iya, an yi mini sata," in ji shi.

"Ga moto nan. Mata ba ka da ita sai ni, ni kuma ba mai ɗauka. Me aka sata?"

"Waƙata."

"Waƙarka? Kai da ko akuya ka kira sai ta nufi daji?"

"Wani ne can ƙetaren iyaka ya kwafe ta, ya liƙa sunansa. Na kai ƙara wurin masu shafin, sun ce ba za su sauke tasa ba sai na nuna takardar izini daga mai muryar. Kwana biyu suka rage mini. In suka wuce, ta zauna da sunansa."

"To je ka nemi mai muryar mana."

"Ai ga ni gabanta."

"Af! Ashe tana da rai? Ni dai na ji a radiyo an ce sabuwar waƙar Mainassara, na ce Allah sarki, mijina ya koma tsohuwa ba a gaya mini ba. Kunna in ji."

Ya kunna. Ta karkata kunne, hannunta ya tsaya cikin gyaɗa. Muryarta ce, amma daga tsakiya aka faro. A gidansu duk macen da za ta yi wannan waƙa sai ta fara da kiran waɗanda ta karɓa daga hannunsu: Ummul Khairi, yayar uwarta, da Hannatu wadda ta koya wa Ummul Khairi. Ba wanda ya rage a duniya yana kiran sunayen nan sai ita.

"Ina kan waƙar?"

"Na yanke, Iya. Mutanen yanzu ba sa jiran jerin sunayen matattu, da yatsa suke turewa."

"Madalla. Kai ka goge sunan mutum uku har da ni, wancan ya goge na mutum ɗaya. Kawo mini shi in aura, ya fi ka tausayi."

"Wa zai ɗauki tsohuwa mai cin tuwo da dasashi? Ni kaɗai na iya haƙuri da ke. Ga goro nan fari, ga sabulu. Yatsa kawai za ki dangwala."

"Mai da goronka. Wannan waƙa ba a ba da ita da goro. Ni turmi guda na hatsi na surfa wa Ummul Khairi kafin ta ce in ɗauka, ita ma haka ta yi wa Hannatu. Izininmu ke nan. Ga turmi, ga taɓarya."

"Iya! Gemu gare ni fa!"

"Da gemun za ka daka?"

"Na yi lakwal, karatun boko, shekara goma sha uku!"

"To ka riƙa ƙirga dukan da Faransanci."

Ya dubi takarda, ya dubi turmi. Ya tashi ya leƙa waje, ya ja ƙyauren zaure ya sa sakata, sannan ya tuɓe riga ya rataye a igiyar shanya. Iya Kellu ta juye masa tiya guda ta hatsi, ta yayyafa ruwa, ta koma ta zauna.

Duka na farko, rabin hatsin ya yi tsalle waje, kaji suka rugo.

"Sannu, mai sadaka. Kajin ma sun ce sun gode."

"Taɓaryar ce karkatacciya."

"Shekara arba'in tana miƙe, sai da ta ga ango. Ɗaga murya, kira sunayen. Wa ta ba ni?"

"Ummul Khairi," ya ce yana haki.

"Ita wa ta ba ta?"

"Hannatu."

"Kai wa ta ba ka?"

"Wata tsohuwa marar imani."

"Sake."

"Kellu! Kellu ta Kwaya!"

Bai lura ba, ashe tun ɗazu ta zaro ƴar portabul ɗin da shi da kansa ya saya mata da Sallah, ya kuma nuna mata inda ake dannawa. Ta ɗora ta a gwiwa, ta saita ta daidai tana ɗaukarsa bidiyo.

Da tafin hannunsa ya yi ruwa, ta ce ya isa. Ta sa ya ɗauki bik ya rubuta sunayen uku a saman takardar, ya karanta mata su da ƙarfi, ya yi alkawarin mayar da kan waƙar inda yake. Sannan ta dangwala yatsa.

Yana cikin sa riga sai ya ji muryarsa na fitowa daga cinyarta: "Kellu ta Kwaya!" Ya waiwaya. Ga shi nan a fuskar wayar ba riga, gumi sharkaf, kaji zagaye da shi.

"Iya, goge wannan!"

"Matan Kwaya duk muna cikin zaure guda a wayar nan. Kai ka sa ni ciki. Yatsa ɗaya ne."

"Amma ai ban ba ki izini ba!"

"Au! Ana neman izini?"

Ya dubi takardar izinin. Sai dariya ta kama shi har ya zauna a bakin turmi. Ya tura mata goron da sabulun gaba ɗaya.

"Na sallama, amarya. Yaushe za ki goge?"

Ta ɓantari goro da haƙoran nan biyu, ta soke wayar a zani.

"Ran da na ji Ummul Khairi a radiyo."