Rumbun Malam Tasi'u

Akwai wani abokina, Malam Tasi'u, malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi a Funtuwa. Mutum ne mai zargi, ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Ba ya ajiye tambayoyin jarrabawa a filas ɗin kwamfuta, wai yara za su ɗauke. Ba ya kai su shagon buga takardu, wai mai shagon yana da ƙanne a makarantar. Ana nan sai ya samo wata manhaja da ke mayar da akwatin imel ya zama kamar ma'ajiya a cikin kwamfuta. Ka jawo fayil ka jefa, shi ke nan ya tafi can ya kwanta a matsayin saƙo. Akwatinsa ya cika maƙil, sai ya tuna da na ƙungiyar iyaye da malamai, wanda shi ya buɗe musu, kuma a saninsa ko kare ba ya leƙawa. Nan ya zuba tambayoyin ƙarshen zango gaba ɗaya, har da amsoshinsu, ya riƙa yi mana fankama wai ya samu rumbun da ɓera bai san hanyarsa ba.

Abin da bai sani ba, sabon sakataren ƙungiyar, Baba Ilu, ya sa an ɗora masa akwatin a wayarsa. Shi kuwa Baba Ilu a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. A wurinsa, wasiƙa ta kwana a hannun mutum abin kunya ne. Duk abin da ya faɗo akwatin nan, ba ya buɗewa ballantana ya karanta, sai ya miƙa shi zauren iyaye na waya, ya rubuta a ƙasa, "Don sanarwarku."

Aka yi jarrabawa. Wallahi aji guda babu wanda ya faɗi. Har yaron da ke ƙirga bakwai sau takwas da yatsun ƙafa ya cinye duka. Shugabar makaranta, Hajiya Turai, ba ta yi murna ba ko kaɗan, don ta san ajin nan ba su taɓa haye rabi ba. Ta kira Tasi'u ofis ta ce ko dai ya faɗi wanda ya sayar wa tambayoyi, ko ya ajiye mata makullin ɗakin malamai ya kama gabansa. Tasi'u ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe. Ni da nake bakin ƙofa ina jiransa sai da ya ba ni tausayi, ga iyali, ga aiki na neman suɓucewa.

Ana cikin haka Baba Ilu ya yi sallama, ya zo tambaya ko akwai sauran saƙonni, don kwana biyu akwatin ya yi shiru.

Hajiya ta ce, "Waɗanne saƙonni, Baba?"

Ya ce, "Na lissafin nan mana, Hajiya. Iyaye suna ta godiya. Wani ma ya ce a taimaka da na Turanci."

Tasi'u ya miƙe tsaye. "Baba! Kai ne? Wa ya ce ka taɓa mini kaya? Ajiya fa na yi!"

Baba Ilu ya gyara zaman hularsa, ko a jikinsa. "A'a, Malam. Ajiya a akwati ake yi, mai kwaɗo. Abin da aka jefa a akwatin wasiƙa kuwa, so ake a kai."

"To ka san abin da ka yi? Ka rusa mini wahalar zango guda! Tun farkon shekara nake fama da yaran nan, ina rubutu a allo har kafaɗata ta sage!"

Baba Ilu ya dube shi, ya dubi takardar sakamakon da ke gaban Hajiya, sannan ya ce:

"Ayya, Malam, sannu da ƙoƙari. Ni dai sau ɗaya na tura, kuma duk sun gane."