Girar Na'ima Ta Ƙi Saukowa

Wata ƙawata Na'ima, shekarunta ashirin da uku, ta wayi gari ta hango wani ɗan siririn layi a goshinta, wanda sai ka haska fitilar waya ka ƙanƙance ido kafin ka gan shi. Shi ke nan hankali ya tashi, wai tsufa ya kawo mata hari ana saura wata biyu bikinta. Ba ta yi shawara da kowa ba ta faɗa wani shagon gyaran fata a Kaduna, aka danna mata allurar hana tsufa. Layin kam ya ɓace. Sai dai girarta ta haye sama ta ƙi saukowa, fuskar ta tsaya cak kamar wadda aka faɗa wa labarin ban mamaki. Ga shi washegari ne Mubashshir, angon nata, zai kai ta Zariya gaida kakarsa Hajiya Tabawa, wadda in ta ce a'a a gidan, to magana ta mutu.

Suka gaisa, tsohuwa ta ce, "Ga ruwa, 'yar nan." Na'ima ta karɓa, ido a waje. Ta ce akuyarta ta haihu jiya. Na'ima dai gira a sama.

Hajiya ta ajiye carbi. "Ke kuwa a garinku akuya ba ta haihuwa ne? Tun da kika shigo kike mamaki."

Mubashshir ya fara tarin ƙarya. Na'ima ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Hajiya ba mamaki nake ba. Allura aka yi min, ta hana fuska tsufa."

"Fuskar kawai? Ban da gwiwa da ƙugu?"

"Fuskar kawai, Hajiya. In ana sabuntawa, haka za ta zauna ko na kai shekara tamanin."

Tsohuwa ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, sannan ta juya wajen jikanta.

"Aure dai na amince, Mubashshir. Amma in ta kai shekaruna, kada ka bari ta fita ita kaɗai. 'Yan sanda za su tare ta a hanya su ce, 'Tsohuwa, ina kika samo kan 'yar mutane?'"