Ranar da Wayar Lantarki Ta Kashe Mini Ƙafa

Ko na manta da sunana, ba zan manta ranar da na je gaida mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema da aure, ba. Lokacin kuɗin fetur ne, ana ta kafa turakun lantarki a Kazaure, ni kuma sabon malamin kimiyya, kai cike da karatu. Na karanta a wani littafi cewa jijiyoyin mutum da ɗan lantarki suke aiki, kuma kowace waya tana da wani ƙarfin maganaɗisu da ido ba ya gani. Murna ta hana ni gama babin. Duk wanda na kama sai ya sha bayani, har mai shayi.

Kawu Sule ne ya raka ni. Tun a hanya ya ja mini kunne: "Alhaji ba ya son rawar kai. Ka durƙusa, ka yi shiru. Yau zai ce ya ba ka ko ya hana ka."

Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, gidansa aka fara ja wa wuta a unguwar. Na durƙusa a zaure, daidai ƙarƙashin sabuwar mita (ni da na shekara biyar a kwaleji kan kujera). Dattawa suka shiga zancen damina, suka bi ta Roni, suka zarce kasuwar Babura. Ina nan kan dugadugaina.

Da aka shafa fatiha na yunƙura, sai na ji ƙafar dama babu ita. Na kife kan ƙwaryar furar da aka kawo mana. Na ɗaga kai na ga mita, na tuna littafina, wallahi har da ɗan daɗi na ji: ga ilimi ya tabbata a jikina!

"Kowa ya fita!" na kwatsa ihu. "Wayar nan ta kashe mini jijiya! Alhaji, a kashe wuta!"

Dattawa suka yi waje, liman ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Malam Jauro kaɗai ya rage, wani tsohon makiyayi abokin Alhaji. Ya matsa mini ɗan yatsan ƙafar, na yi ƙara.

"Ɗana, mijirya ce. Ka daɗe a durƙushe ne. Buga ta a ƙasa."

Na buga sau uku, ƙafa ta dawo. Alhaji ya leƙo daga waje ya ce, "Ai yau tun safe ba su kawo wuta ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya tasa ni gaba sai gida.

Bayan kwana biyu Alhaji ya aiko cewa ya ba ni, wai yaron da ya tuna da ran dattawa yana kwance cikin fura ba zai wulaƙanta 'yarsa ba. Amma har ya bar duniya, in na je gaisuwa sai ya ce, "A kawo wa Malam kujera, kada lantarki ya kama shi."

Tun daga ranar, ba na buɗe baki sai na karanta babi har ƙarshe.