Daimon a Naɗin Wando

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta, da ranar da Hajiya ta shiga da ni shagon daimon a Wuse. Direbanta ne ni, amma kafin tuƙi na daɗe ina fasa dutse a Mpape, kuma bakina ba ya shiru. Kullum a mota sai na ce, "Hajiya, in dai dutse ne, ko ido a rufe na san shi." To, ranar za ta sayi daimon tsurarsa, wanda ba a ɗora shi a kan komai ba, don a yi wa 'yarta zobe. Sai ta ce, "Malam, kashe motar, zo ka duba mana tunda kai ne masani." (Yanzu na gane zolaya ce. A lokacin har hula na gyara.)

Mai shagon dattijo ne, Hausarsa irin ta Abuja, ba ya bambance mace da namiji a magana. Ya buɗe wata 'yar takarda, sai ga abu kamar ƙwayar dawa yana ƙyalli.

"Hajiya, ka duba da kyau," in ji shi. "Wannan mai zagaye ne."

Ya ce a da da hannu ake goga daimon da ɗan'uwansa, ya fito da kusurwa-kusurwa. Sai da inji ya zo aka iya zagaye shi sosai. Daga baya, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, wani ya zauna ya lissafa yadda za a yanka fuskokinsa, haske ya shiga ta sama ya dawo ta sama. Wai fiye da rabin dutsen ake asara kafin a kai nan.

Maganar ta tsaya mini a rai. Ni na ƙarar da ƙuruciyata ina farfasa dutse ana lodawa a tifa, ban taɓa tunanin wani zai zauna wa ƙwaya ɗaya har haka ba. Da na tsaya a tunanin, da lafiya. Sai na ce, "Oga, ba ni in gani."

Ya miƙo mini shi a hantsaki. Na matse yadda na saba matse ƙarfe. Tsit! Daimon ya tashi.

Mai gadin shagon ya kulle ƙofa. Kowa ya durƙusa, har Hajiya da leshinta tana leƙa ƙarƙashin kujera. Babu. Can mai gadin ya ce, "Baba, yi haƙuri, sai an caje ka."

A naɗin ƙafar wandona aka same shi (tun zamanin fasa dutse nake naɗe wando, ban daina ba). Wallahi ba korar aiki na fara tsoro ba. Matar nan takan bar jakarta a buɗe a mota ta tafi, wannan yardar ce na ga za ta ƙare. Na kasa ɗaga ido.

Dattijon ya yi dariya. "Ba sata ba ne, Hajiya. Ni ma ta sha gudu mini."

Ta saya, muka fito, na kai ta gida. Sai da zan tafi ta miƙo mini 'yar takardar.

"Gobe ka kai wa maƙerin zinariya. Kaiwa na ce, Malam, ban ce ka duba ba."

Na kai, ban duba ba. Abin da na koya ke nan: hannun da ya saba da guduma, in an ce riƙe, matsewa yake yi. Abu mai laushi ko mai tsada, yanzu hannuwana a baya nake kallonsa.